Mutum Goma Sha Bakwai

Daren Laraba a Leeds, ana yayyafi
irin na ruwan da ke jin kunyar sauka.
Na ajiye motar haya ƙarfe tara,
na bi ta bayan shagon wanki
inda matakala ke kai mutum ƙarƙashin ƙasa.
Wani yaro mai ɗan kunne ya buga min hatimi a bayan hannu.
Fam shida, ya ce, ko abin da ya sawwaƙa.

Na ƙirga mu, don ƙirga ce farkon aikina.
Goma sha bakwai, har da mai sayar da lemo,
har da uwar mai ganga
da ta zo da audugar toshe kunne
ta zauna a layin gaba tana murmushi.

Bara na yi rubutu a kansu
a 'yar mujallar da ake ajiyewa kyauta bakin ƙofar shaguna.
Na ce miya ce mai kyan ido, an manta gishiri.
Declan ya yanke shafin da almakashi
ya manna a tsakiyar fatar gangarsa.
Shekara guda ke nan yana dukan sunana,
yau saura baƙi biyu da wasali ɗaya.

Bethan ta rungumi jita kamar mai rarrashin jariri.
Waƙa ta uku tsirkiya ta tsinke,
ba ta tsaya ba.
Ta ƙarasa da murya tsirara,
waƙar wani tsoho da take yi wa wanka kowace safiya
a gidan tsofaffi da ke Harehills,
wanda ya manta sunan 'ya'yansa
amma bai manta lambar motar da ya tuƙa ba.
Alƙalamina ya tsaya cak.
Ni ma fa direba ne.

A garinmu mawaƙi ke wasa mutum,
ya kira kakansa, ya kira gonarsa,
kuɗi su hau goshi, su zubo ƙasa.
Nan kuwa ni nake wasa mawaƙi,
kuma daga ni har shi babu mai yi wa liƙi.

Bayan an watse muka zauna a matakala,
gwiwa na gogar gwiwa.
Na kunna 'yar na'urata, na jera tambayoyi:
wa ya koya miki, yaushe faifai zai fito.
Tana amsawa tana ƙirga silalla a cikin hula.
Fam talatin da huɗu.
Man mota zuwa Hull gobe, arba'in.

Sai na yi tambayar da ba ta cikin takarda:
me ya hana ku bari?
Ta dube ni, ta dubi jakata mai yagaggen hannu,
ta ce, kai mutum nawa ke karanta ka?
Na buɗe baki.
Declan ya ce, ni dai ɗaya, kullum da sanda.
Muka yi dariya har mai shago ya buga bene daga sama.

Sai a gida na ga batir ya mutu tun tambaya ta biyu.
Babu komai a ciki sai tarina
da ƙarar injin wanki.

Edita ya ba ni kalma ɗari biyu,
yana son taurari, daga ɗaya zuwa biyar.
Ta yaya ake auna tsinkakkiyar tsirkiya?
Shayi ya huce, na sake ɗorawa.
Na rubuta: an zuba gishiri.
Na goge.
Na rubuta: wataƙila harshena ne bara ke da mura.

Da asuba ina alwala
hatimin ya ƙi fita duka.
Na bar shi nan, shuɗi-shuɗi,
na tafi da shi ɗaukar fasinjan farko.